Wane tanti ya kamata mutum ya saya in zai kwana kan dutse lokacin ƙanƙara

Tanti baya ɗumama mutum, bari in fara da wannan tunda shine abinda yafi ruɗa 'yan uwanmu da suka zo ƙasashen sanyi suka fara sha'awar fita daji. Kwanaki wani ɗan uwa da muke gari ɗaya nan Sikotland ya turo min hoton wani tanti a waya, wai an rubuta na yanayi huɗu ne, wato har da hunturu, yace Yallaɓai ai da wannan ko sanyi ya kai ina zan sha barcina. Nace masa Malam ɗumi aikin jakar barci ne da katifar da ka shimfiɗa a ƙasa, tanti in yayi ƙoƙari sosai ya ƙara maka 'yan digiri kaɗan akan na waje, shikenan. Kuɗin da kake zubawa a tantin hunturu na abu biyu ne, iska da nauyin dusar ƙanƙara, kuma a nan inda muke iskar ce babbar magana.

Ga misali, a watan Maris na 1986 na'urar da ke kan ƙololuwar dutsen Cairn Gorm nan Sikotland ta auna iska mai gudun mil 173 a awa, wajen kilomita 278 kenan, har yau a Birtaniya ita ake lissafawa a matsayin mafi ƙarfi. Kuma dutsen nan fa ba wani tsawo gareshi ba, mita 1245 ne, ko rabin Chappal Waddi na Taraba da ƙyar ya haura. Babu mai hankalin da zai kafa tanti a irin wannan ranar, amma iskar mil 40 ko 50 abu ne na yau da kullum a saman tudun Cairngorms daga Disamba zuwa Maris, kuma abun da mutane basu cika lissafawa ba shine in gudun iska ya ninka sau biyu ƙarfin da take dukan tanti dashi sau huɗu yake ninkawa. Tantin da ya tsaya ƙyam a mil 25 har kana yabonsa, a mil 50 sai kaga bangonsa ya kwanto maka a fuska.

Toh me ya bambanta tantin hunturu da na bazara? Sandunan sunfi kauri kuma sunfi yawan giftawa da juna. Rufin waje yana sauka har ƙasa, babu wannan tazarar da ake bari a tantin bazara don iska ta riƙa shiga. Ɗakin ciki na yadi ne rufaffe ba ragar sauro ba. Wuraren ɗaura igiya suna da yawa kuma an ɗinke su da kyau a daidai inda sanda ta bi. Sannan akwai kafar shan iska a sama, can inda ƙanƙara ba zata toshe ba. Maganar ragar nan kar ka ɗauketa da wasa. Akwai wata irin ƙanƙara mai laushi da iska ke kwasowa daga ƙasa tana feso ta, tana bi ta ƙasan rufin waje ta ratsa raga kamar babu komai a wurin, na taɓa leƙa tantin wani abokin tafiya da asuba a kusa da tafkin Loch Etchachan, jakar barcinsa fari fat tun daga ƙafa har ƙirji, shi kuma yana ciki ya ƙudundune, tantin bai yage ba bai karye ba, raga ce kawai ta tace masa ƙanƙara har gari ya waye. Da ɗumin jikinsa ya narkar da ita sai jakar ta jiƙe, kuma jakar gashin agwagwa in ta jiƙe ta gama aiki, dole ranar muka sauko.

Kafin ka buɗe shagon intanet ka fara duba kilo da farashi, ka tambayi kanka a ina zaka kwana, domin duk tantunan nan sunansu ɗaya a kasuwa amma aikinsu ba ɗaya ba. Akwai mai hawan dutse na gaske, wanda zai kwana a wani ɗan tsukin wuri a jikin dutse a Alps ko Himalaya, sanyi ya kai inda ruwa baya zuba sai ƙanƙara busasshiya, kuma duk giram ɗin da ya ɗauka da hannu da ƙafa zai hau dashi. Akwai irinmu na Sikotland da gaɓar Norwe, inda da yamma ƙanƙara, tsakar dare ta koma ruwa, asuba komai ya daskare. Akwai kuma mai kwana cikin daji ƙasa da inda bishiyoyi suka ƙare, shi iska bata dameshi ba sosai, damuwarsa ƙanƙarar da zata taru a kan rufi. Ukun nan kowa da tantinsa, in ka sayi na wani ka kai wurin wani zaka sha wuya kuma ba laifin tantin bane. Masu tambayata akan Kilimanjaro kuwa, ku adana kuɗinku, hawa can da jagora ake yi dole, kuma yawancin masu shirya tafiyar da tantunansu suke zuwa, jakar barci mai kyau da takalmi su zaku nema.

Babban rabuwar kai a wannan harka shine tanti mai bango ɗaya ko mai bango biyu. Mai bango ɗaya shine mai burge mutum a hoto, ƙarami, ba nauyi, sanduna biyu da suka gifta, irin Firstlight na kamfanin Black Diamond da bai wuce wajen kilo ɗaya da rabi ba, ko na kamfanin Samaya na Faransa masu tsadar gaske. Shi Firstlight ta ciki ake saka sandunansa, wato kana iya shigewa ciki ka kafa shi kana zaune a wurin da ko tsayuwa ba zaka iya ba, kuma gindinsa ƙarami ne, ɗan wurin da ka sassaƙe da gatarin ƙanƙara ya isheshi. A wurin da aka yi shi dominsa babu kamarsa. Amma yadinsa mai jure ɗan ruwa ne, ba wanda zai kwana ana tsuga masa ruwan sama ba, kuma baya zuwa da baranda sai dai ka saya daban, jakarka da takalmanka masu ƙanƙara duk ciki zaku kwana tare.

Sai kuma raɓa, wadda gaskiya ita ce abokiyar gabar da ba'a faɗa maka a shago. Numfashinka da zufarka da tururin jiƙaƙƙun kaya duk suna tashi su tarar da yadi mai sanyi su koma ruwa a jikinsa. In sanyi yayi tsanani sosai sai su daskare su zama farin gari a jikin rufi, iska na kaɗa tanti yana zubo maka a fuska, da daɗi ba daɗi amma dai ana iya kakkaɓewa. In kuwa yanayin yana wasa tsakanin digiri ɗaya zuwa biyu sama ko ƙasa da sifili, wanda shine rabin hunturun Sikotland, ruwa ne zalla yake gangarowa, a tanti mai bango ɗaya duk inda jakar barcinka ta taɓa ta jiƙe. Mai bango biyu shima yana yin raɓar fa, kar wani ya ruɗe ka, bambancin dai a jikin rufin waje take taruwa, kai kuma kana cikin ɗakin ciki da tazara tsakaninku. Dare ɗaya mutum zai iya jurewa da kowanne. Dare na biyu da na uku ne zaka gane, domin jakar da ta sha danshi jiya ba inda zaka shanya ta, rana ma sai anyi sa'a ake ganinta. Shi yasa ni a nan ban ma saka mai bango ɗaya a lissafi, duk da cewa kusan kilo guda zai rage min a baya. Kuma duk tsananin sanyi ina barin kafar sama a buɗe, mutane na ganin kamar hauka ne ka buɗe kafa ana wannan sanyi amma wanda ya toshe ko'ina shi ke tashi a jiƙe.

Siffar tanti kuma gida biyu ce manya. Akwai dogo mai kama da rami, sandunansa a jere suke kowacce ta lanƙwasa ita kaɗai basa haɗuwa, akwai kuma mai ƙubba wanda sandunan ke gifta juna. Shi mai ƙubbar in giftawar tayi yawa, sanduna huɗu sun haɗu a wurare da dama, to ya zama kamar bukkar Fulani a ruga, kowace sanda tana tallafe da 'yar uwarta, ta ko'ina iska ta zo akwai abin da zai tare. Kamfanin The North Face ne suka fito da wannan salon a 1975 da tantinsu Oval Intention, daga tunanin wani mai zanen gini ɗan Amurka Buckminster Fuller, kuma har gobe irinsu ake kafawa a sansanonin manyan duwatsu, su VE 25 nasu na The North Face da Trango na Mountain Hardwear da Quasar na Terra Nova wanda Turawan nan suka daɗe suna ji dashi. Ƙarfi kam akwai, suna tsayawa da kansu ko ba turke, suna ɗaukar nauyin ƙanƙara, ka tafi hawa ka barshi wuni guda ka dawo ka tarar dashi. Sai dai nauyi, su Trango na mutum biyu sun haura kilo 4, wannan na sansani ne, ba wanda zaka riƙa naɗewa kullum kana gaba ba.

Dogon kuwa shi yafi bada wuri akan kowane kilo, bangonsa a miƙe, barandarsa babba, kafawa cikin minti kaɗan. 'Yan Suwidin da Norwe sunfi kowa sonsa, masu ratsa Girinlan da Antatika ma galibi shi suke ja. Sharaɗinsa biyu. Na ɗaya baya tsayuwa sai da turke, in turakun gaba da baya suka fita ya zube. Na biyu sai ka juya gindinsa ga iska, in ta bi tsawonsa sai ta zame ta wuce, in kuwa ta juya cikin dare ta dawo ta gefe, toh ranar zaka ji kiɗa, yadi na faf faf faf har asuba, sanduna na lanƙwasawa suna dawowa, yawanci baya karyewa amma barci sai dai ka rama gobe. Rufinsa kuma a ɗan shimfiɗe yake tsakanin sanda da sanda, in ana zuba ƙanƙara mai nauyi dole ka riƙa farkawa kana buga rufin ta ciki tana zamewa, wani lokacin ka fita da shebur ka kwashe ta gefe don kar ta toshe hanyar iska.

Akwai na tsakiya, masu ƙubba da sanduna uku, irin Soulo na kamfanin Hilleberg na mutum ɗaya wajen kilo 2.4, da Jannu na mutum biyu da ya ɗan haura kilo 3. Ga wanda yake son kwana a saman tudu inda iska bata da alƙibla kuma ƙasa duwatsu ne turke baya shiga yadda ake so, ni a ganina nan ne daidai.

Amma abinda na fi dubawa yanzu kafin kilo, kafin ma siffa, shine yadda ake kafa shi. Tantuna da yawa, musamman na Amurka, ɗakin ciki ake fara kafawa sannan a yafa rufin waje a kai. A ƙasar da ba ruwa babu laifi. A nan kuwa kafin ka gama kokawa da rufi iska na neman ƙwace maka shi, ɗakin da zaka kwana ya riga ya sha ruwa. Su Hilleberg tun shekarun 1970 suka kama hanyar haɗa ciki da waje wuri ɗaya, sandunan ta jikin rufin waje suke bi, kana ɗagawa duka suke tashi tare ciki a bushe, wasu kamfanonin Turai ma haka suke yi. Ka ɗauka ƙarfe huɗu na yamma ne a Disamba, duhu ya fara, ka wuni kana tafiya cikin ƙanƙara har gwiwa, kana tsayawa zufar jikinka ta fara sanyi. Ka durƙusa ka zaro tanti, abu na farko ka ɗaure igiya ɗaya a jikin jakarka don in ya kuɓuce maka sai dai wani ya tsinta a wani kwarin, ka kafa turakun ɓangaren iska, ka danne yadin da gwiwa, ka tura sanda cikin hannun rigarta, tura fa ba ja ba, in ka ja sai gaɓoɓin su rabu a ciki ka tsaya lalube. Duk wannan da safar hannu mai kauri. In tantin yana da wasu ƙananan maɓallai da sai ka cire safa kafin ka iya maƙalawa, minti biyu ya isa yatsu su daina jin maganarka, daga nan ko zif ba zaka iya ja ba. Don haka in kaje shago ka tafi da safar hannunka ta hunturu, ka roƙi mai shago ya barka ka kafa da ita a hannu, zai dube ka wani iri amma ka daure. Ka duba ko madaurin igiya na jawuwa da hannu ɗaya, ka duba ko zif ɗin manyan haƙora gareshi, domin ƙananan in suka daskare sai addu'a.

Yanzu maganar nauyi. Kamfanoni lamba biyu suke rubutawa, ƙaramar ita ce yadi da sanduna kawai, babu turaku babu jaka wani lokacin har igiyoyi babu, babbar ita ce abinda ke cikin kwali. Kai kuma abinda zaka goya yafi babbar ma, domin sai ka ƙara turakun ƙanƙara da ƙarin igiya da ɗan bututun gyaran sanda. Lissafin da nake yi shine in mu biyu ne, kilo ɗaya da ɗan wani abu zuwa ɗaya da rabi akan kowa, ɗaya ya ɗauki yadi ɗaya ya ɗauki sanduna da turaku. A cikin dogayen tantunan Hilleberg na mutum biyu, Nallo 2 wajen kilo 2.4 ne, Nammatj 2 mai sanduna masu kauri wajen kilo 3. In kai kaɗai ne Akto nasu, wanda ya fito tun 1995, kilo 1.7 ne da sanda ɗaya tal, mutane sun kai shi wurare masu ban tsoro amma sanda ɗaya dai sanda ɗaya ce, ƙanƙara mai nauyi tana danne kai da ƙafarsa. Access na kamfanin MSR bai kai kilo 2 ba na mutum biyu, kuma su kansu sun faɗa cewa don masu yawon zamiya kan ƙanƙara a kusa da iyakar bishiyoyi suka yi shi, ba don ƙololuwa ba, wannan gaskiyar tasu ta burge ni. In kaga tanti mai bango biyu na mutum biyu an ce na hunturu ne kuma nauyinsa ya faɗo ƙasa da haka sosai, ka nemi inda aka rage, ko sanda ta sirance, ko yadi, ko an mayar da rabin ɗakin ciki raga.

Sanda ka nemi ta alminiyom, yawancin masu kyau na kamfanin DAC ne na Koriya ta Kudu, kauri milimita 9 ga na tafiya, 10 ga na wuya. Alminiyom in yaji wuya lanƙwasawa yake ka miƙe shi ka lallaɓa, in ya karye ka zura bututun gyara ka naɗe da salatif. Ta gilashin roba da ke zuwa da tantunan babban kanti kuwa tsagewa take ta huda yadi, wannan ko kyauta aka baka kar ka hau dutse da ita. Yadi kuma nailon mai silikon ciki da waje shi yafi wuyar yagewa akan nauyinsa, aibinsa in ya jiƙe yana saki, sai ka fita kafin ka kwanta ka sake jan igiyoyi. Wani yadin da ake kira Dyneema baya shan ruwa baya saki ga rashin nauyi, amma kuɗinsa sai wane da wane. Lambar nan ta jure ruwa da ake rubutawa da milimita ni a ƙasan tanti na fi dubata, domin gwiwarka in ta danne ƙanƙarar da ɗumin jikinka ya narkar, ta nan ruwa ke tasowa.

Turakun da ke zuwa cikin kwali na ƙasa ne, a ƙanƙara mai laushi basu da wani amfani. Akwai masu faɗi dogaye na ƙanƙara, amma ko su ba'a soka su a tsaye, kwantar dasu ake. Ka ɗaura igiya a tsakiyar turken, ka haƙa rami kamar tsawon hannu, ka kwantar dashi a gicciye, ka tone 'yar siririyar hanya da igiyar zata bi ta fito ba tare da ta ɗago shi ba, ka mayar da ƙanƙara ka tattake da takalmi, sannan ka barshi ɗan lokaci ya kama kafin ka ja da ƙarfi. Jakar tanti da ka cika da ƙanƙara ma tana yi, sandar tafiya tana yi, gatari yana yi in ba zaka buƙace shi ba. Da safe zaka tarar sun daskare sai da haƙa, shi yasa ake barin ƙullin a sama ba'a binne shi. Filin ma tattake shi ake tukuna a barshi ya ɗan yi tauri, in ba haka ba tsakar dare ƙugunka ya nutse cikin rami. Matsalar Sikotland ita ce wani lokacin ƙanƙarar bata kai ta binne turke ba ƙasan kuma ta daskare kamar siminti, don haka nake ɗaukar kala biyu, da 'yan siraran ƙarfe masu shiga daskararriyar ƙasa, ga kuma duwatsu in an samu.

Baranda ba ƙawa bace. Nan takalmi ke kwana, nan jaka, nan kake kakkaɓe jiki kafin ka shiga, in ƙanƙara tayi zurfi ka haƙa rami a ciki ka zauna bakin ƙofa ƙafa na lilo kana ɗaura takalmi hankali kwance. Kuma nan mafi yawan mutane ke dafa abinci in waje yaƙi tsayuwa, duk da kamfanoni na hanawa kuma suna da hujja. Risho a rufaffen wuri yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, ta kashe mutane cikin tanti ba sau ɗaya ba, mutum zai ji ciwon kai da kasala ya ɗauka gajiya ce ya kwanta. Nailon kuma in ya kama wuta daƙiƙa kaɗan ne. In dole ta sa, ƙofa a buɗe, kafar sama a buɗe, a kunna rishon a waje sai wutar ta daidaita a shigo da ita, kuma ba'a barci ana narka ƙanƙara. Gas ɗin ma ka duba, butan zalla yana daina tashi da zarar an kai sifili, ka nemi mai haɗin propan da isobutan, ka kwana da gwangwanin cikin jakar barci.

Sai girman ciki. A ƙarshen Disamba hasken rana a yankin garin Aviemore da ke gindin Cairngorms bai kai awa bakwai ba, wato zaka iya yin awa goma sha biyar ko fiye a cikin tantin nan, don haka wanda ya matse ka kamar kabari don ka rage giram 300 ba ciniki bane. Ka shiga ka kwanta akan katifa mai kauri irin wadda zaka yi amfani da ita, ka ga ko ƙafar jakar barci na taɓa bango, ka zauna ka ga ko kanka na dukan rufi. Yawancinsu tsayinsu mita ɗaya ne ko ƙasa da haka. Mu masu sallah wannan ya shafe mu, Magariba da Isha da Asuba duk a sansani suke samunka, in yanayi ya bari a waje nake yi akan katifa, in kuwa iska ta hana tsayuwa to aƙalla tantin ya zama wanda zaka iya zama a miƙe kayi sujada ba tare da ka goge raɓar bango da hula ba. Launi ma ina da ra'ayi, ja ko rawaya yafi sa ciki haske kuma ana hango shi in ka fita ka dawo cikin hazo, kore yafi dacewa in kana son kar a ganka. A Sikotland dokar 2003 ta ba kowa damar kafa tanti a daji muddin ya kiyaye ƙa'ida, babu wani ɓoye-ɓoye, don haka ja nake so. A Ingila kuwa banda wani yanki na Dartmoor sai da izinin mai ƙasa.

Farashi kam ba sauƙi, masu kyau na mutum biyu suna dosar fam dubu wasu sun wuce, kar ma ka juya shi zuwa naira ranka ya ɓaci. Araha bata ado, amma kuma ba dole sabo ba. Turawan nan suna sayen kaya da zafi su yi amfani dasu sau kaɗan su sayar, na hannu mai kyau yana fitowa musamman in hunturu ya wuce. In zaka saya ka shinshina shi, in yana wari mai tsami ko ƙasansa na danƙo to rufin robar ya fara ruɓewa, ka barshi. Ka ɗaga rufin waje ga haske, in launin ya koɗe sosai yadin na ƙara kamar takarda, rana ta cinye shi, zai yage ranar da kafi buƙatarsa. Ka ja kowane zif har ƙarshe, ka duba bakin kowace gaɓar sanda ko akwai tsaga, robar cikin sanda in ta saki wannan ba komai ana canzawa da kuɗi kaɗan.

Ni dai da za'a ce in zaɓa wa mai farawa a irin yanayinmu, mutum biyu, kwana a kwari ko gefen tafki a hau dutse da safe, dogo mai bango biyu da ke tashi tare, tsakanin kilo 2.4 zuwa 3, da baranda mai ɗaukar jaka biyu. Mai son kwana a sama shi kaɗai ya ɗauki mai ƙubba da sanda uku ya haƙura da ƙarin nauyin. Mai bango ɗaya a barshi sai ranar da aka yi shirin Alps. Kafin kowace fita kuma ina duba hasashen MWIS na iskar kan duwatsu da rahoton SAIS na zaftarewar ƙanƙara, domin wurin da yafi fakewa daga iska, gindin gangare, sau da yawa nan ne iskar ta tara ƙanƙarar da zata iya zubowa, kuma in naga an ce mil 50 ko sama a ƙololuwa to ƙasa nake kafawa cikin itatuwan Rothiemurchus, ko wane tanti ne a jakata.